Aiken Inna zuwa Gusau

A shekarar da aka ɗage aikin dole, ko wadda ta bi ta, ban riƙe daidai ba, wani mai fataucin goro ya tsaya ƙofar gidanmu a ƙauyenmu na wajen Tibiri. Ya sha ruwa, ya gaya wa inna ya ga ɗanta a Gusau, kuma matarsa tana da tsohon ciki. Ni ba na nan. Ina Dogon Dutsi, inda nake ɗan aike a biro, wato ofishin Nasara: shara, kai takarda, jan fankar kumandan in rana ta yi zafi. Abin da lakwal, makarantar bokon Faransa, ta ba ni ke nan, don ban yi nisa ba. Na iya karanta sunan da ke bayan takarda, na iya amsa wa Nasara da harshensa, kuma ina da wandon kaki. A lokacin gani nake wannan ya isa a miƙe mini tsaye.

Ɗan da ake magana yayana ne, ɗan farin inna. An taɓa kai shi aikin hanya, ya yi watanni yana ɗaukar dutse a ka. Da gardi, dogaran Nasara, suka sake zuwa neman maza, sai ya saɓa hauya da safe kamar za shi gona, bai dawo ba. Ya shiga ƙasar Ingilishi, kamar yadda samari da yawa suka yi a wancan zamani. Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba tun da ta haife shi, don ɗan fari ne. "Wancan" take ce masa.

Ta aiko aka kira ni. Na tarar da ita tana tsince wake a faifai.

"Ka ji wancan za shi samu ƙaruwa?"

"Na ji, inna."

"To ka roƙi Nasaranka shi ba ka hanya, ka tahi. Ko mi aka samu, namiji ko mace, a yi mai zanenmu ranar suna. Ka tsaya a yi shi gabanka."

Zanenmu tsaga biyu ce a kowane kunci, daga gefen baki har gindin kunne. Ina da shi, yayana yana da shi, duk wanda aka haifa a gidanmu yana da shi. Ga inna ba ado ba ne. Gidanmu yana da doguwa, aljanar gida, tun kakanni, ana yi mata yanka bayan kaka, kuma inna ta yi imani doguwar ba ta san suna ba, fuska ta sani. Yaron da ba shi da zane baƙo ne gare ta. Ba za ta tsare shi ba, in ma ya shigo gidan tana iya taɓa shi. Ni na bar waɗannan abubuwa daga baya, ina kuma roƙon Allah gafara. Amma ko a wancan lokaci ba don doguwa na karɓi aiken ba. Ina son in ga jirgin ƙasa, ina kuma son waɗanda suka gudu su ga abin da wanda ya zauna ya zama.

An ba ni hutu da takardar hanya mai hatimi. Na ƙetare iyaka a ƙafa tare da wasu masu jakuna. Babu wanda ya tambaye ni takardar, abin ya ba ni haushi. A Kangiwa na nuna wa wani mai sayar da igiya, ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙo mini.

A Kangiwa nake da goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda aure ya kai ta can tun kafin a haife ni. Na kwana gidanta. Ta tambayi kowa da kowa, har mutanen da suka daɗe da mutuwa, ta yi kukansu kamar jiya suka rasu. Da na gaya mata abin da zai kai ni Gusau, sai ta tashi ta fara ɗaure ƙwaryarta.

"Ina za ki, goggo?"

"In bi ka mana. Wa za shi riƙe jinjirin?"

A al'adarmu goggo ce take riƙe jariri ranar aska. Na sani. Amma na dube ta, tsohuwa da zane ɗaya ɗaure a ƙirji, da kaza biyu da take shirin ɗaure wa ƙafa, na hango kaina ina sauka daga mota da ita gaban abokaina. Na ce mata hanya da nisa, mota tana girgiza mutum har ya yi amai, kuma Ingilishi ba sa barin kaji a mota. Wannan na ƙarshe ƙirƙira na yi.

"To wa za shi riƙe?" ta sake tambaya.

"Ba a rasa mai riƙo, goggo. Gari ne babba."

Ta kwance ƙwaryar. Ta ba ni daddawa da busasshiyar kuɓewa in kai wa amarya.

Daga Argungu na hau mota zuwa Sakkwato, daga nan wata zuwa Gusau. Na ga jirgin ƙasa. Ya fi yadda aka ba ni labari ƙara, bai kai yadda aka ba ni labari tsawo ba. Kusa da tasha buhunan gyaɗa ne jibge har sun fi ɗaki, a nan aka nuna mini yayana. Yana tsugune yana ɗinke bakin buhu da basilla. Ya rame, ya yi furfura kaɗan a gemu. Ya ɗago, ya dube ni, ya ƙarasa ɗinkin buhun tukuna, sannan ya miƙe. Muka gaisa kamar yadda ake gaisawa: gida, gajiya, damina, mutane. Bai tambayi inna da bakinsa ba sai da na ce tana lafiya, sai ya ce madalla.

Matarsa 'yar garin ce, doguwa, mai dariya da ƙarfi. Ciki ya yi mata nauyi amma bakinta bai yi ba. Tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, ita kuwa ta riƙe wasan da hannu biyu.

"Wannan ne mijin nawa na Faransa? Kai, an cuce ni. An ce mini dogo ne."

"Doguwar hanya ta cinye ni."

"To wandon fa? Yadin ne bai isa ba, ko haka Nasaranku ke son ganin gwiwa?"

Na ba ta saƙon goggo. Ta sansana daddawar ta ce ta gida ce ta gaske, ta yafe mini gajarta.

Washegari bayan mun karya na gaya wa yayana aiken inna. Yana gyara igiyar guga, bai daina ba. 

"Ka san ba ni da baki nan," ya ce. "Na fari ne. Ko kallo nai ba ni yi gaban mutane, balle in ce a yi mai kaza. Kai ne ƙanin uba. Abin da ka yi ya yi."

Gaskiya ya faɗa. Yadda inna ba ta kiran sunansa, haka shi ma ba zai sa baki a kan ɗansa na fari ba. Ba zai hana ba, ba zai sa ba. Magana ta dawo hannuna gaba ɗaya, ni kuwa na ji daɗin haka.

Matar ta ji mu daga ɗaki. Da na zo wucewa ta ce, "Mijina, ashe zuwa ka yi ka mayar mini da ɗa ƙwaryar furar amarya?" Ta yi dariya, amma ba irin ta jiya ba. Na ce mata ƙwarya mai zane ita ake ajiyewa a kan jere. Na ga kamar na yi magana mai kyau.

Haihuwa ba ta zo da wuri ba, sai na shiga neman abokan lakwal. Mu da aka kama tare aka kai Dogon Dutsi muna yara, kusan rabinmu sun gudu, biyu kuwa suna Gusau.

Na farko ya zama akawu a wurin awon gyaɗa. A lakwal shi ne ya fi mu lissafi, shi ne kuma ya fi mu shan bulalar mushe, wato malaminmu, don ba ya iya rufe baki. Na same shi bayan tebur da fensir a kunne. Ya bar saje mai kauri ya rufe masa kunci, sai ka matso sosai za ka ga zanen a ƙarƙashi. Na gaishe shi da Faransanci don a ji. Ya amsa da Hausa, ya ce in zauna a benci. Na zauna har rana ta take, yana ta kiran lamba da Turancin Ingilishi. Da ya tashi ya saya mini shayi da burodi, ya tambayi ko kukar da ke bayan lakwal tana nan. Na ce tana nan. Ya tambayi mushe, na ce an mayar da shi Doso. Daga nan magana ta ƙare mana. Ya ce in dawo wata rana, na ce to, dukanmu mun san ba zan dawo ba.

Na biyu ɗan wanzamai ne, kuma sana'ar gidansu ya koma. Yana da rumfa a bakin kasuwa, da zabirarsa da ƙahonni rataye. Shi da ya hango ni ya bar kan wani mutum rabi a aske, ya taso.

"La ila! Mushe da kansa! Wa ya mutu aka ba ka wando nai?"

"Kai dai har yanzu ba ka iya gaisuwa ba."

"Zauna, ɗan lakwal. Wannan kan naka kamar gonar marayu. Bari in gama da wannan bawan Allah in yi maka sassabe."

Kusan kullum a rumfarsa nake yini. Yana tuna abubuwan da na manta: yadda ake rataya wa wanda ya yi Hausa a aji ƙashin jaki a wuya, yadda muke satar gyaɗar gonar lakwal mu ci ɗanya, waƙar da aka koya mana wadda har yau ba mu san abin da take nufi ba. Ya rera ta yana wasa aska, masu jiran aski suna dariya.

Shi kaɗai ne a garin ya iya zanenmu, don haka na gaya masa aiken. Ya daina dariya.

"Ka san yadda aka kama ni gudun farko?" ya ce. "Na kai har kasuwar Kamba. Na canza riga, na canza suna, na ce ni ɗan garin ne. Wani dogari ya dube ni ya ce, yaro, fuskarka ta riga bakinka magana. Kwana biyu ina gaban gardi. Ka tuna yadda na dawo."

Na tuna. Ya yi mako bai iya zama a benci ba.

"Aikin dole ya ƙare," na ce.

"Wanda ya ɗage shi yana nan, bai mutu ba. Amma ni wanzami ne. Aska ba ta da ra'ayi. In dangin uba sun ce a yi, in yi, kuma in yi shi da kyau, ba irin naka ba da aka yi kamar kaza ta tona."

Aka haifi namiji. A kwanakin da ke tsakanin haihuwa da suna na yi surutu da yawa. Uwar matar ta zo wankan jego, tsohuwa mai kaifin ido, ta ce su a nan sun fara barin tsaga, ko likitan gari yana faɗa a kai. Na tsaya tsakar gida na yi mata bayani a kan asali. Na ce wanda ba shi da zane bawa ne ko ɓatacce. Na ce mu Arawa ba mu ɓoye fuskarmu ga kowa. Na kawo sunan garin Lugu da waɗanda suka tsaya wa Nasara a can, ni da nake jan fankar Nasara. Tsohuwar ta ce, "Allah shi ba ka haƙuri, ɗan nan," ta koma ga tukunyar ruwan zafinta. Mai jego ba ta ƙara yi mini wasa ba. In na gaishe ta ta amsa, shi ke nan.

Ranar suna da safe aka raɗa suna, aka raba goro, aka yanka rago. Yayana ya fice tun kafin mutane su taru, kamar yadda uban ɗan fari yake yi. Da maza suka watse, abokina ya shigo da zabirarsa, ya shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki. Aka fito da jaririn. Ya jiƙa masa kai, ya aske shi tas, yaron bai ko motsa ba. Sannan ya zaro wata aska ƙarama, ya sa aka kankaro baƙin tukunya a kasko, wanda za a shafa a tsagar don ta fito.

"To, wa ke riƙo?"

Matan suka dubi juna. Duk dangin uwa ne da maƙwabta. Tsohuwar ta ce su ba su gāji wannan ba, ba za su riƙe ba.

"Dangin uba ke riƙo," abokina ya ce. "Babu goggo, sai kai, mushe. Zauna. Miƙe ƙafa."

Na zauna. Aka shimfiɗa zane a cinyata, aka kwantar da yaron, kansa wajen gwiwata. Ban taɓa riƙe jariri ƙarami haka ba. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Abokina ya nuna mini yadda zan yi: tafin hannu ɗaya a goshi, ɗaya a haɓa, in juya kan gefe, in danne sosai, don in ya motsa aska za ta karkace ta shiga baki. Ya dangwali toka ya ja layi biyu a kuncin. Kuncin bai kai faɗin yatsuna uku ba.

Da na sa hannu a haɓarsa sai yaron ya juyo da baki, ya kama ɗan yatsana yana tsotsa. Na janye, na sake dannewa.  Na ga askar ta matso.

"Dakata," na ce.

Ya dakata.

"Riƙe da kyau, ɗan lakwal. Yanzu a gama."

Na sake gwadawa. Hannuna ya ƙi dannewa, zufa tana shiga mini ido. Na ce a karɓe shi. Babu wadda ta yi saurin karɓa, sai da na faɗa sau biyu tsohuwar ta miƙo hannu. Na tashi na zagaya bayan gida, na tsaya jikin danga kamar mai fitsari. Ba tausayi zan kira shi ba, kuma ba tunani na yi na canza ra'ayi ba. Kasawa na yi kawai.

Da na dawo abokina yana nan zaune, askar a hannunsa.

"A yi, ko a bari?"

Duk matan suna kallona. Na ce a bari tukuna.

"Babu tukuna. In ta koma zabira ta koma."

Ban ce a yi ba. Ya goge tokar daga kuncin yaron da jiƙaƙƙen tsumma, ya naɗe askarsa. Bai yi mini ba'a ba, ko a ranar ko bayanta, shi da ba ya barin komai ya wuce.

Yayana ya dawo da la'asar. Na tabbata an gaya masa, amma bai tambaye ni ba, ni ma ban ɗauko maganar ba. Da zan tafi ya ba ni turmin atamfa da gishiri in kai wa inna. Matarsa ta rako ni har ƙofa, ta ce, "Mijina, in ka tashi dawowa ka sa a ƙara wa wandon yadi." Wasan ya dawo.

A komowa ban bi ta Kangiwa ba. Na zaga ta wata hanya don kada in haɗu da goggo.

Na iso gida da hantsi. Inna ta bari na sha ruwa, na ci tuwo, na ajiye tsarabar gabanta. Ba ta taɓa ta ba.

"Mi aka samu?"

"Namiji."

"An yi?"

Tun daga Gusau nake shirya amsar gaskiya, na kuma shirya ta da kyau. Amma da na ga idonta, da matan gida da suka taru a bakin ƙofa suna jiran labarin wanda ya ga jirgin ƙasa, sai na ce, "Ba a yi ba, inna. Ya hana."

"Wa ya hana?"

"Yaya."

Ta dube ni. Sannan ta ce a hankali, "Ya buɗe baki a kan ɗan fari?"

Nan ma da sauran hanyar komawa ga gaskiya. Na ce, "Ya buɗe."

Sai a lokacin na gane girman abin da na ɗora masa. Rashin zane abu ɗaya ne. Amma ɗan da ta yi wa kunya tsawon ransa, ba ta ko kiran sunansa, a ce ya tsaya gaban surukai ya yi magana a kan ɗansa na fari, kuma don ya karya maganarta, wannan gare ta ya fi. Ta tura atamfar gefe da bayan hannu, ta ce a ba wa mai so. Ta tambaye ni ko an yi ruwa sosai a can, na ce an yi.

Na koma biro na ci gaba da shara da kai takarda. Shi yayana da ya ga shiru, sai ya ɗauka fushin rashin zanen ne, kunya ta hana shi zuwa. Bai san abin da na faɗa ba. Magana ɗaya daga bakina ta isa ta gyara, kuma ina zuwa ƙauye duk ƙarshen wata. Kowane zuwa sai in ce bari sai na gaba. Inna ta rasu shekaru kaɗan bayan haka, yana Gusau.

Kafin rasuwarta fatake sun ci gaba da tsayawa ƙofar gidanmu in za su gabas, don sun san tana da ɗa a can. Na taɓa kasancewa a wurin sau ɗaya. Mutumin ya sha ruwa, ya miƙo ƙwarya, ya ce, "Inna, Gusau za mu. Akwai saƙo?"

Ina zaune a kan turmi, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba.

"Babu," ta ce. "Allah shi kiyaye hanya."

Ya dube ni ko ni ina da shi. Na ce a gaida su.